Ranar da Wally Ya Zama Kututture

Duk wanda ya ce muku ƙanena Wally Tonkin ya san tsuntsu, ku tambaye shi ko daga bakin Wally ya ji. Ni na yi masa wanka yana yaro, kuma tun da matarsa ta gaji ta kama gabanta, a ɗakin baya na gidana yake zaune yana ƙarar mini da man shanu. Ya haura sittin. Ya sayar da darduma, ya tuƙa motar 'yan makaranta, ya buɗe shagon soya kifi da dankali ya ƙone shi da hannunsa, amma in ya zauna ba da labari sai ka rantse shi ya haƙa teku.

Mu a Port Merrin ba mu da silima, ba mu da filin sukuwa. Fadamar gishiri gare mu, taɓo da jar ciyawa iya ganinka, sai wata doguwar gadar katako da ta ratsa ta ta ƙare a rumfar leƙe. Kowace Asabar in teku ta fara cikowa tana koro tsuntsaye bakin gaɓa, 'yan ƙungiyarmu mukan hallara a rumfar da madubin hange da kek ɗin kwakwa. Dokokinmu tsofaffi ne. Ba a ɗaga murya. Ba a kiran sunan tsuntsu sai mutum biyu sun shaida kamanninsa. Wanda kuma ya fara ganin Kyaftin a shekara, shi ke riƙe butar shayin ƙungiya har wata shekarar.

Kyaftin ɗaya ne daga manyan tsuntsayen nan masu baki kamar lauje da ke tasowa daga Siberiya in sanyinmu ya ƙare, wajen watan Satumba. Yana ɗan ɗingishi, kuma a ƙafarsa ta hagu akwai alama ruwan lemo da marigayi Len Opie ya ɗaura masa. Matar Len, Glenys, ita ce shugabarmu, kuma tun rasuwar mijinta take jiran tsuntsun nan duk shekara kamar mai jiran ɗa daga tafiya. Bana idonta ya fara hazo, 'yarta ta matsa lallai sai ta koma wajenta a Alice Springs, garin da ko kududdufi sai an roƙa. Glenys ta ɗaure akwatuna ta jera su a zaure, ta ce da mu, "Zan tafi. Amma ba na ɗaga ƙafa sai na ga Kyaftin ya sauka mun yi sallama."

Satumba ta shiga, 'yan uwansa suka yi ta isowa, shi kuwa shiru.

To, Wally son Glenys yake yi, so irin na tsufa, mai sa mutum ya riƙa shafa mai a sanƙo. Don ita ya shiga ƙungiya. Ranar farko ya nuna wata farar leda da ta maƙale a ciyawa ya ce balbela ce, da iska ta kwashe ta ya ce, "Kun ga tashinta? Ta matasa ce." Tun daga nan Stavros mai gyaran jiragen kamun kifi, wanda gashin bakinsa ya fi na kowa a garin, ya sa masa ido.

Wata safiya ina toya burodi ya shigo kicin yana murza hannu.

"Nola, ki nemi hular zuwa biki."

"Wa ya mutu?"

"Biki na ce. Ni zan nuna wa Glenys Kyaftin. Tana ganinsa zuciyarta ta narke, ni kuma na durƙusa na nemi aurenta a gaban kowa. Shi ke nan Alice Springs ta ci kanta."

"Kai sakarai, ba ta ce in ta gan shi za ta tafi ba? Rashin zuwansa ne ke riƙe maka ita."

"Ke ba ki san mata ba, Yaya."

"Ni mece ce, kujera?"

"Ke daban ce," ya ce, ya ɗauke burodin da na shafa wa kaina ya fita.

A makon nan kayana suka fara yin ƙafa. Sandar tsintsiyata ta ɓata. Lemata ta wayi gari ba mariƙi. Aka yanke bakin safar hannuna ruwan lemo ta aikin lambu. Robar askirim ɗin da nake zuba maƙalan shanya a ciki, na tarar da maƙalan a ƙasa, ita babu. Daga rumbun ajiye kaya da ke bayan gidana kuwa sai ƙarar zarto da waƙa. Na leƙa na ga wani abu a kan tebur, jiki na katako, baki na mariƙin lema, ƙafa ɗaya ta sandar tsintsiya.

"Mene ne wannan?"

"Adon lambu ne. Kyautar ranar haihuwarki."

"An haife ni a Maris."

"Shi ya sa na fara da wuri."

Na san akwai lauje cikin maganar, amma ban zaci haukan ya kai inda ya kai ba. Asabar ɗin nan a rumfa, ana shan shayi, ya miƙe ya gyara wando ya sanar da cewa Kyaftin zai sauka Asabar mai zuwa, da cikowar safe, daidai gaban tsofaffin turakun shingen masu haƙar gishiri.

"Waya ya buga maka?" in ji Stavros.

"Gwiwata ce ta gaya mini, mutumina. In iskar arewa ta juya, nan take sauka. Na yi shekaru ina nazarin abin nan."

"Bara war haka kana nazarin man suya."

"Ka yi ta dariya. Akwai masu kallon tsuntsu, akwai masu jin tsuntsu a jini."

"In ya zo ranar Asabar, na aske gashin bakina a bakin gadar nan."

"Ka wasa reza."

Glenys ba ta yi dariya ba. Ta dube shi da idanun nan nata masu hazo ta ce a hankali, "Allah ya sa gwiwarka ta yi gaskiya, Wally." Sai na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji kamar in maƙure ƙanena.

Abin da ya faru da safiyar Asabar kafin mu iso, daga bakinsa na tsinto shi, bayan na tace na zubar da zakuna da kadojin da ya ƙara. Ya fita da sassafe teku a janye, tsuntsun katako a hammata. Niyyarsa ya kafa shi a taɓo, ya dawo ya wanke ƙafa, mu tarar da shi zaune a rumfa yana shan shayi kamar mutumin kirki. Da yake watan da zakaran ƙeƙuwa ke kwanci ne, mai ƙaya a fiffike da ba ya barin kowa ya wuce kusa da ƙwansa, Wally ya yi abin da ko yaran makaranta suka sani: ya kifa robar askirim ɗina a ka, ya zana mata idanu biyu a ƙeya, don tsuntsun ba ya kai hari in yana ganin ana kallonsa. Sai dai ido ɗaya ya fito kamar faranti, ɗayan kamar ƙwayar wake, kuma dukansu hanci suke kallo.

Ya tsallake shinge daidai gindin allon da ya ce kada a tsallake. Bai yi nisa ba ƙeƙuwa suka taso, miji da mata. Ko idanun ne ba su gamsar da su ba, ko haushinsu suka ji, oho. Suka yi ta sauka a kan robar ƙwas, ƙwas, har suka danna masa ita ta rufe gira. Wally ya zura da gudu ya bar jar ciyawa mai tauri ya faɗa taɓon da ko kare ba ya takawa. Takalmin ruwa na dama ya tsaya a baya. Ya ce ba komai, sojoji sun yi yaƙi da ƙasa da haka. Ya ɗingisa har gaban turakun, ya caka sandar tsintsiya, ya gyara alamar safar hannuna ta fuskanci rumfa. Da a nan ya juyo, da wataƙila ya tsira. Amma ina, sai da ya ja da baya don ya yaba aikin hannunsa.

Ƙafar hagu ta nutse har gwiwa. Ya dogara da ta dama don ya zare ta, ita ma ta bi 'yar uwarta. Ya yi ta mutsu-mutsu, taɓo na tsotsarsa, har ya kai cinya. Ya zaro waya zai kira ni, sauro ya sauka a kunnensa, ya kai mari da hannun da ke riƙe da wayar, ta yi tsalle ta ce cuɓul. Ƙananan ƙaguwa suka fito suka kewaye shi suna duba abin da teku ta kawo musu. Yana cikin haka ya ji ƙarar rufe ƙofofin mota.

Mai hankali sai ya yi ihu a zo a cire shi. Wally ya dubi turakun nan baƙaƙe da ke jere kusa da shi, dabara ta faɗo masa. Ya kwashi taɓo ya shafe riga da hannu da wuya, ya juya wa rumfa baya don kada a ga fuskarsa, ya manne hannuwa a jiki, ya sandare. A lissafinsa za mu ga Kyaftin, mu yi murna, mu watse, shi kuma ya san yadda zai yi. Ya manta da robar da ke kansa. Ya manta kuma da teku.

Muka shigo rumfa ni da Glenys da Stavros da Tuyet mai kantin magani da sauran jama'a, har da baƙi daga birni da suka ji labarin gwiwa. Aka buɗe tagogin leƙe.

"Ina annabin?" Stavros ya raɗa.

"Gadonsa ba kowa tun asuba," na ce.

Tuyet ce ta fara kafa madubinta. Ta ce a hankali, "Gaban turaku. Babba. Baki lanƙwashe. Akwai ruwan lemo a ƙafa."

Rumfa ta ɗauke numfashi. Stavros ya kai hannu ya dafe gashin bakinsa. Aka ja Glenys gaban babban madubi, ta shiga murza shi.

"Shaida na biyu?" ta tambaya, don ko a irin wannan lokaci ba ta karya doka.

Stavros ya duba ya daɗe. "Ya rame."

"Daga Siberiya yake, dole ya rame," in ji wani.

"Ƙafarsa ɗaya," in ji Stavros.

"Hutawa yake."

"Tun da muka zo bai ƙifta ba. Kuma ban taɓa ganin tsuntsun da bakinsa ke da tambarin kanti ba."

Na karɓi madubi na duba, na ga mariƙin lemata. Kafin in buɗe baki, ruwa ya iso. Ya lallaɓo ta cikin 'yan kwararo ya kewaye sandar tsintsiya, ya sassauta taɓon. Kyaftin ɗin katako ya karkata a hankali kamar mai jin barci, ya kwanta a gefe, ya kama iyo, ƙafa a sama, safar hannuna na kaɗawa.

"Yana ninkaya," in ji ɗaya daga baƙin. "Suna yi dama?"

"Na Siberiya ba sa yi," in ji Stavros. "Wannan na rumbun Tonkin ne."

Glenys ta ɗago daga madubi. Fuskarta kawai na kalla na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Sai Tuyet ta sake magana.

"Jama'a, turakun nan ba ƙaruwa suka yi ba? Akwai wani mai farin kai."

Duk madubai suka juya. Ga kututture mai tumbi tsaye cikin ruwa, da idanu biyu, babba da ƙarami, sun ƙura mana.

"A bi doka," in ji Stavros, hawayen dariya na bin gashin bakinsa. "A faɗi kamanni. Kai fari, murabba'i."

"Ido a ƙeya," in ji Tuyet, ta ɗora wayarta a bakin madubi tana ɗauka.

"Ƙirji babu, duk ya gangaro ciki."

"Ƙafafu ba a gani."

"Kuka fa?"

"Abin mamaki, shiru. Irinsu ba sa shiru."

"Shaida na biyu?"

"Na shaida," na ce. "Robar maƙalaina ce, abin da ke ƙarƙashinta kuma uwarmu ɗaya."

Dariya a rumfar da ba a ɗaga murya azaba ce. Mutane suka toshe baki da hula, wani ya ciji kek ya shaƙe, katakon ƙasa na ta girgiza. Wally na jin motsinmu, amma ya ƙudura a ransa cewa shi turke ne, ko gezau. Sauro sun yi masa baƙi a wuya, ruwa ya kai ƙugu, bai motsa ba. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba, ko a coci.

Stavros ya miƙe zai je ya ɗauko jirgi, Glenys ta cafke hannunsa.

"Zauna," ta ce. "Ku saurara."

Daga can sama muka ji kukan, dogo mai hawa, irin wanda ke sa tsigar jiki tashi. Wani babban tsuntsu ya kewayo fadama, ya ga ɗan uwansa na katako na yawo a ruwa, ya sauko duba lafiya. Ya dira a wani ɗan tudun ciyawa da ruwa bai rufe ba, daidai bayan Wally, kusan ya miƙa hannu ya taɓa shi. Tsuntsun da ko inuwar mutum ya hango daga nesa yake tashi, ya dubi ƙanena sama da ƙasa ya yarda kututture ne. Ya taka, ya ɗingisa. Ruwan lemo a ƙafar hagu.

"Na gani," Tuyet ta raɗa.

"Na shaida," in ji Stavros, ya saki gashin bakinsa kamar mai sallama da shi.

Glenys ta manna ido a madubi, hawaye na zuba, tana share su da gefen hannu don kada su tare mata gani. "Ka makara, tsoho," take cewa. "Ka makara, amma ka zo."

Ruwa kuwa bai tsaya kallo ba, ya kai wa Wally cibiya.

"Nola," Stavros ya raɗa, "in na tura jirgi tsuntsun zai tashi. In ban tura ba, ƙanenki ne."

"Ruwan wurin nan ba ya wuce ƙirji," na ce. "A bar ta ta more. Miƙo mini kek."

Haka muka zauna, Kyaftin na gyaran gashi, idanun roba na kallonsa, Glenys na kallonsu su biyu. Kowa a rumfar nan ya ga tsuntsun ya ƙoshi, har baƙin da ba su san darajarsa ba. Mutum ɗaya ne a duk faɗin fadamar bai gan shi ba. Sai da ruwa ya taɓa masa hammata wata ƙaguwa ta shige rigarsa, turke ya kurma ihu, "Nola! Yaya! Na tuba!" Kyaftin ya buɗe fiffike ya yi gaba.

Da jirgin Stavros aka ciro shi, mutum uku na ja. Taɓo ya saki Wally amma ya riƙe wando. Aka kawo shi bakin gada a naɗe da mayafin teburin shayi, jama'a sun yi layi, masu yawo da karnuka ma sun tsaya. Sai da aka shafa man shanun kek kafin robar ta fita daga kansa. Yana jin abin da ya faru ya ware ido.

"Ya zo? Na gaskiyan?"

"A bayanka ya tsaya," na ce.

Ya gyara mayafin tebur ya ɗaga haɓa. "To me na gaya muku? Asabar, cikowar safe, gaban turaku. Duk tsari ne. Na katakon kira ne, ni kuma maɓoya. Haka ake yi a Siberiya. Stavros, ina reza?"

"Ka gan shi?" in ji Stavros.

"Ni na fi kowa kusa."

"Ka gan shi, na ce?"

"Idanuna na kansa tun da ya sauka."

"Waɗanne daga ciki?" in ji Tuyet, aka sake fashewa.

Ganin Glenys na tahowa, ya tuna da sauran shirinsa. Ya durƙusa a gada, taɓo na ɗiga, fuska ta kumbura da cizon sauro. "Glenys," ya fara, "ni mutum ne mai..."

"Tashi, Wally, mayafin na zamewa." Ta kama kansa da hannu biyu ta sumbaci sanƙon, taɓo da man shanu da komai. "Ƙaryarka ta ɓata mini rai ƙwarai. Amma ba don haukanka ba da bai sauka inda idona zai kai ba. Na gode. Yanzu zan tafi da zuciya ɗaya. Zan kira 'yata ta zo ta ɗauke ni cikin makon nan."

Wally ya miƙe a hankali. Ya waiwayo ya dube ni. Na so in ce na gaya maka, kalmomin har sun zo bakina, amma da na ga idonsa na haɗiye su, na cire rigar sanyina na yafa masa.

Batun buta sai da aka yi gardama. Tuyet ta ce ita ta fara gani, Stavros da leɓensa tsirara kamar ɗan jariri ya ce a ba robar askirim. Glenys ta yanke hukunci: idanun roba ne suka fara gani, amma tun da roba ba ta iya dafa shayi, wanda ya ɗauke ta a ka shi zai riƙe mata. Ta ƙara sharaɗi ɗaya. Tun da ba za ta ƙara ganin saukar Kyaftin ba, mai buta ne zai buga mata waya ranar da ya iso.

Shekara ta zagayo. Wally na dafa shayin Asabar, mai ɗaci, yana ba baƙi labarin yadda ya yi awa tara cikin ruwa kadoji na shinshinarsa. Robar tana rataye a rumfa, ni kuma na sayi wata. Tun sanyi bai gama tafiya ba ya fara kiran Alice Springs. Ya kira a kan leda, ya kira a kan agwagwa, ya kira a kan wani takalmin ruwa da teku ta dawo da shi, wanda nasa ne. Jiya na ƙwace wayar na ce, "Glenys, ki yi haƙuri, ba tsuntsu ba ne, ko alamarsa babu. In hana shi?"

Ta yi dariya har da tari. "Na sani, Nola. Kyaftin ba ya zuwa sai an shiga Satumba sosai. Ba shi wayar, bai gama gaya mini kamannin takalmin ba."